Mai Ɗakina Ta Ƙi Bina Yawon Damina a Tsaunukan Karnataka

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Bangalor na ƙasar Indiya, ina karatun digiri na biyu, kuma wata biyar ke nan da mai ɗakina ta iso wurina tare da 'yarmu mai shekara uku. Abokan karatuna 'yan ƙasar sun shirya tafiyar kwana huɗu a tsakiyar watan Yuli zuwa ƙananan garuruwan tsaunuka na jihar Karnataka, wato Sringeri da Horanadu da Agumbe da Kollur, a ƙarƙare da magangarar ruwa ta Jog, kuma na riga na biya kasona na hayar mota da masauki. Niyyata ita ce in fitar da iyalina su sha iska, domin tun da suka zo ba su san ko'ina ba sai ɗaki da kasuwa. Amma mai ɗakina ta ce ba inda za ta, saboda ta ga bidiyoyin ambaliya da zaftarewar ƙasa, ta kuma ce ba ta ga abin da zai kai Musulmi wuraren bautar Hindu ba. Yau kwana uku ke nan ba ma magana sosai. Ina jin kunyar janyewa a gaban abokaina, ba na kuma son in tafi in bar su su kaɗai. Ina neman shawararka.

Ɗalibi daga Bangalor

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Abin da ya fara tsaya mini a rai cikin wasiƙarka shi ne wata biyar ɗin nan da iyalinka suka yi ba su san ko'ina ba sai ɗaki da kasuwa. Duk wanda ya taɓa zama da iyali a ƙasar da ba ya jin yarenta ya san irin kaɗaicin da mace take shiga idan maigida ya fita makaranta tun safe, ga ba dangi, ga ba maƙwabciyar da za a leƙa a gaisa. Saboda haka niyyarka mai kyau ce, kuma ina goyon bayan ku yi tafiya. Sai dai tafiyar da abokanka suka tsara, a lokacin da suka zaɓa, da yawan garuruwan da suka jera, ba ta dace da mai ɗauke da yarinya 'yar shekara uku ba. A kan maganar ruwa mai ɗakinka ta fi ka gaskiya, kuma gara ka ji haka daga bakina tun yanzu. A kan maganar wuraren bauta kuwa akwai hanyar da za ku bi kowa ya samu natsuwa, zan kuma zo kanta.

Mu da muka tashi a Arewa, idan aka ce damina, abin da muke hangowa shi ne hadari ya haɗo daga gabas, a yi iska, a sheƙa ruwa na awa ɗaya ko biyu, gari ya washe, kowa ya koma harkarsa. Daminar yammacin Indiya wata aba ce daban. Iskar da take ɗauko ruwa daga Tekun Larabawa tana isa gaɓar jihar Kerala a wajajen 1 ga watan Yuni, cikin 'yan kwanaki ta haura zuwa gaɓar Karnataka, sai ta ci karo da jerin tsaunukan da ake kira Ghat ta Yamma, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 1,600 a gefen teku. Tsaunukan suna tilasta wa iskar hawa sama, ta yi sanyi, ta sauke ruwan da ta ɗauko a kan gangaren da ke fuskantar teku da kuma kan tudun, kuma garuruwan da ka lissafa duk a wannan layin suke. Agumbe kaɗai tana samun ruwan da ya haura milimita 7,000 a shekara, alhali Kano ba ta cika wuce milimita 1,000 ba, sannan mafi yawan wannan ruwa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, watan Yuli kuma shi ne ƙololuwarsa. Kada ruwan Bangalor ya ruɗe ka ka ɗauka ka san daminar ƙasar, domin birnin yana bayan tsaunukan, inda iskar take isowa bayan ta riga ta juye yawancin kayanta. Na zauna shekara uku a yankin Udupi, a gindin waɗannan tsaunuka, kuma na ga an yi mako guda cur ana ruwa dare da rana ba a ga ƙwayar rana ba, wanki ya ƙi bushewa, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado.

Idan ƙasa ta sha ruwa haka na makonni, gangaren tsauni yana laushi har ya kasa riƙe kansa, musamman inda aka yanka shi domin fitar da hanya. Bidiyoyin da mai ɗakinka ta gani na abin da ya faru ne da gaske. A ranar 16 ga Yuli, 2024, tudu ya zaftaro a Shirur kusa da Ankola, a kan babbar hanyar gaɓar teku ta wannan jihar taku, ya haɗa da rumfar mai shayi da motocin da suka tsaya a gefen titi, aka rasa rayuka. Mako biyu bayan nan, a daren 30 ga Yuli, ƙauyukan Mundakkai da Chooralmala a gundumar Wayanad ta Kerala suka nutse cikin taɓo da duwatsu, mutum sama da 200 suka rasu. Gundumar Kodagu, wadda take kudu da inda kuke son zuwa, ta ga irin wannan masifa a watan Agusta na 2018. Ban kawo waɗannan domin in firgita ka ba, dubban mutane suna hawa waɗannan tsaunuka kowace damina suna saukowa lafiya. Na kawo su ne domin ka daina kallon tsoron mai ɗakinka a matsayin taurin kai, ka karɓe shi a matsayin ra'ayin abokiyar shawara wadda ta hango abin da zumuɗin tafiya ya rufe maka ido a kansa.

Sai kuma tsarin tafiyar kansa. Wurare biyar cikin kwana huɗu tsari ne na samari marasa iyali, waɗanda za su iya kwana a mota su karya da shayi a bakin hanya. A taswira garuruwan nan suna kusa da juna, amma kilomita 100 a wannan yanki tana iya cin awa uku ko da rani, balle da damina lokacin da hazo yake rufe hanya har direba ba ya ganin abin da ke gabansa. Gangaren Agumbe kaɗai yana da kwana goma sha huɗu masu tsanani a kan siririyar hanya, kuma hukumomi sukan hana manyan motoci binsa idan ruwa ya yi ƙarfi. Hanyoyin Shiradi da Charmadi, waɗanda suke haɗa tudu da gaɓar teku, ana rufe su lokaci zuwa lokaci saboda zaftarewar ƙasa. Na taɓa yin awa shida zaune a cikin mota a bayan wata ƙatuwar bishiya da ta faɗi ta tare hanya, babu sabis na waya, babu gidan da za a nemi ruwan zafi, kuma a motar da ke bayanmu akwai jariri da ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ka auna 'yarka a wannan hali, ga jiri da amai da lanƙwasar hanya take jawo wa yara, sannan ka sake duba jerin garuruwan nan biyar.

Shawarata ita ce ka ɗage tafiyar zuwa ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, ka kuma rage ta zuwa masauki biyu kacal. A wannan lokaci ruwa ya fara sassautawa, ana samun sa'o'in da rana take leƙowa, tsaunuka suna nan kore shar, gonakin shinkafa sun miƙe, magangarun ruwa kuma suna cike. Game da Jog ma ɗagewar riba ce gare ka. Kogin Sharavathi, wanda yake faɗowa a wurin daga tsayin mita 253, an tare shi a sama da madatsar Linganamakki tun 1964 domin samar da wutar lantarki, saboda haka ƙarfin ruwan da za ka gani ya danganta da ruwan saman da aka yi a kwanakin da kuma ko madatsar ta cika har an buɗe ƙofofinta, abin da a shekara mai albarka ya fi faruwa daga Agusta zuwa gaba. A tsakiyar Yuli mutum yana iya yin doguwar tafiya ya tarar hazo ya lulluɓe kwarin gaba ɗaya, ya ji rugugin ruwa bai ga komai ba.

Ku tafi Jog ta jirgin ƙasa, domin ya fi mota kwanciyar hankali ga mai yarinya. Akwai jirgin dare da yake tashi daga Bangalor ya bi ta Shimoga da Sagara ya ƙare a Talaguppa, daga nan kuma zuwa magangarar bai kai kilomita 20 ba. Ku kama masauki a Sagara, wanda gari ne sosai mai kasuwa da kantin magani da masallatai, ku je Jog da hantsi ku dawo kafin la'asar. A can akwai dandalin kallo da aka yi wa shinge, yana fuskantar rassan ruwan guda huɗu da ake kira Raja da Rani da Roarer da Rocket, kuma wannan dandali ya wadatar. Idan kun tarar da hazo ku yi haƙuri ku zauna, sau da yawa iska takan yaye shi na 'yan mintuna ta sake mayarwa, kuma wannan ɗan lokacin da ruwan yake bayyana fari fat a jikin baƙin dutse yana daga cikin abubuwan da ban manta ba a duk zamana na Indiya. Akwai matakala kusan 1,400 da take sauka zuwa gindin kwarin, ana rufe ta da damina, kuma ko da kun tarar da ita a buɗe kada ku taka ta.

A nan nake son in ja kunnenka da kyau, domin yawancin waɗanda suke rasa rayukansu a yawon damina a bakin ƙananan magangaru suke rasa su, wuraren da ruwan bai wuce idon sawu ba kuma kowa yake ganin wasa ne. Dalili shi ne ruwan da yake zuwa maka an yi shi ne a can saman tsauni, inda ba ka gani, yana iya yiwuwa inda kake tsaye ko yayyafi ba a yi, amma cikin minti biyu rafin ya ninka kansa. A ranar 30 ga Yuni, 2024, a bayan madatsar Bhushi kusa da Lonavala a jihar Maharashtra, ruwa ya taso wa wani iyali da suka shiga tsakiyar magangara suna shan iska, suka rungumi juna a kan dutse jama'a suna kallo ba yadda za su yi, ya tafi da mace ɗaya da yara huɗu. Saboda haka ku yi wa juna alkawari tun daga gida cewa ba mai tsoma ƙafa a rafi, ba mai ƙetare shinge domin hoto, ba mai hawa dutsen da gansakuka ta rufe, kuma yarinya tana hannun ɗayanku a kowane lokaci. Idan ka ga launin ruwa ya juya zuwa ja, ko ya fara kawo ganye da ƙirare, ko ƙararsa ta ƙaru, ku hau tudu nan take ba tare da tsayawa kwashe kaya ba.

Masauki na biyu shi ne Sringeri, idan kun amince da shi bayan kun tattauna abin da zan faɗa yanzu. Tsakaninsa da Sagara tafiyar rabin wuni ce, a yi ta da rana, tare da direban da ya san hanyar, kada kuma magariba ta same ku a kan titi. Ƙaramin gari ne a bakin kogin Tunga, kewaye da gonakin wani ɗan itace da mutanen ƙasar suke taunawa kamar yadda muke cin goro, kuma kusa da shi akwai magangarar Sirimane, ƙarama mai sauƙin isa, wadda ita ma kallonta za ku yi daga matakala. Agumbe ba ta kai kilomita 30 daga nan ba, sai ku je ku dawo a wuni ɗaya idan gari ya yi kyau, ba tare da kun sauka gangaren ba. Dajin wurin gida ne ga wani nau'in gamsheƙa da ya fi kowane maciji mai dafi tsawo a duniya, har akwai cibiyar bincike da aka kafa a can a 2005 wadda ta shahara da nazarinsa, don haka ba wurin kutsawa cikin ciyawa ba ne. Horanadu da Kollur ku bar su sai wani jiƙon. Abokanka suna zuwa can ne domin ibada, kai kuwa abin da za ka gani a wuraren bai bambanta sosai da na Sringeri ba.

Yanzu ga maganar da na san ta fi nauyi a zuciyar mai ɗakinka. Sringeri cibiya ce babba ta addinin Hindu, wadda mabiyansa suke danganta kafuwarta ga malaminsu Adi Shankara, kuma a cikin harabarta akwai ginin dutse na Vidyashankara da aka yi a ƙarni na 14, mai ginshiƙai goma sha biyu da aka sassaƙa wa alamomin buruji. Ga abokanka wuri ne mai tsarki, ga mai sha'awar tarihi da gine-gine abin kallo ne, ga mai ɗakinka kuwa wurin da ake bauta wa wanin Allah ne, kuma ƙin shigarta ba abin zargi ba ne ko kaɗan. Malamai sun yi saɓani a kan shigar Musulmi wuraren ibadar wasu addinai domin kallo da ɗaukar darasi, wasu sun halatta da sharuɗɗa, wasu sun karhanta, wasu sun hana inda akwai gumaka. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, saboda haka ka kira malamin da ku biyun kuka yarda da iliminsa kafin ku tashi, ku yi masa tambayar tare, ta ji amsar da kunnenta. Abin da zan iya faɗa maka da ƙarfin gwiwa shi ne, kada ka tilasta mata shiga inda zuciyarta ba ta kwanta ba, kada kuma ka yi mata gorin rashin wayewa a kan haka. Garin yana da bakin kogi inda manyan kifaye suke taruwa ana jefa musu abinci, abin da zai fi burge 'yarku fiye da kowane gini, kuma ana iya hangen gine-ginen daga waje.

Idan kai ka zaɓi shiga haraba bayan ka ji ta bakin malami, ka san ƙa'idojin masu wuri ka kiyaye su. Ana cire takalmi tun daga ƙofa, ana buƙatar suturar mutunci kuma wasu wuraren suna da tsarin tufafi na musamman, ana hana ɗaukar hoto a ciki, sannan akwai wuraren bauta a Indiya, kamar Guruvayur a Kerala da Jagannath a Puri, da ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga sam. Don haka ka tambaya a ƙofa, idan aka ce a'a ka juya ba gardama. Za a iya miƙo maka ruwan tsarki, ko jan garin da suke ɗigawa a goshi, ko abincin da aka gabatar ga abin bautarsu wanda suke kira prasada. Waɗannan ibada ce, kai kuma ba naka ba ne, sai ka dafa ƙirji ka yi godiya ka matsa gefe, kuma ka gaya wa abokanka tun kafin ku isa cewa haka za ka yi, domin kada su ɗauka raini ne. A ɗaya ɓangaren kuma ka kame bakinka da wayarka daga izgili. Aya ta 108 a cikin Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, sannan maganar addini a wannan yanki tana saurin kama wuta, kai kuma baƙo ne mai biza. Tarihin garin kansa yana da abin lura a nan: a 1791, bayan da mayaƙan daular Maratha ta Hindu suka wawashe cibiyar, Tipu Sultan, Musulmin da yake mulkin Maisur a lokacin, ya rubuta wa shugabanta wasiƙu ya kuma aika da dukiya domin gyara abin da aka lalata.

Idan kuwa mai ɗakinka ta ce ita ko garin ba ta son kwana a cikinsa, kada ka ja. Ku musanya shi da Chikmagalur, garin gahawa, wanda ya fi kusa da Bangalor, yana da Musulmi da yawa da masallatai da gidajen abinci na halal, kuma tsaunukan da ke bayansa suna ɗauke da sunan Baba Budan, sufin da ake cewa shi ya shigo da ƙwayar gahawa bakwai daga Yaman a ƙarni na 17. Tsauni da hazo da magangarar ruwa duk za ku same su a can.

Sallah ba za ta ba ku wahala ba, domin nisan tafiyar ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma a Sagara da Shimoga da Thirthahalli, wanda yake kan hanyar Sringeri, akwai masallatai. Ku tafi da dadduma mara shan ruwa da ƙaramar buta. Abinci a kewayen wuraren bauta na ganye ne zalla, shinkafa da miyar wake da idli da dosa, waɗanda suke kama da waina da sinasir, babu nama a ciki balle shakkar yanka, sai dai yaji, wanda za ku roƙa a rage wa yarinya. Ku sha ruwan roba ko wanda aka tafasa, domin damina lokacin gudawa ne.

Abin da zai yanke hukuncin tashi ko fasawa shi ne sanarwar hukumar hasashen yanayi ta Indiya, wadda take fitar da gargaɗi gunduma gunduma da launuka, ana kuma ganinsa a manhajarta mai suna Mausam. Ruwan ɗorawa yana nufin a lura, ruwan lemo yana nufin ana sa ran ruwa mai ƙarfi ƙwarai, ja kuwa yana nufin ruwan da zai iya haura milimita 204 cikin awa 24. Gundumomin da suka shafe ku su ne Shimoga da Chikmagalur, tare da Udupi da Uttara Kannada da suke maƙwabtaka da su. Ku ɗaura wa kanku doka: idan aka sa ja ko ruwan lemo a ranar tafiya, ba tafiya, idan kuma kuna can aka sa, ku zauna a masauki ko da kwanan zai ƙaru. Wata alamar da mutanen yankin suke aiki da ita ita ce rufe makarantu, domin duk ranar da shugaban gunduma ya ba yara hutu saboda ruwa, ba ranar fitar baƙo ba ce. Ka tambayi mai masauki da direba halin da hanya take ciki kowace safiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka kuma zaɓi masauki a kan tudu, domin Tunga yakan cika ya hau unguwannin da ke bakinsa a Sringeri.

Akwai wani abin da abokanka ba za su tuna ba saboda bai shafe su ba. Dokar Indiya ta wajabta wa kowane masauki ya yi rajistar baƙon ƙasar waje a takardar da ake kira Form C, kuma ƙananan gidajen saukar baƙi da yawa a ƙauyuka ba su da wannan rajista, ko ba sa son wahalarta, sai su mayar da mutum daga ƙofa. Wani lokaci kuma, gaskiya ce mai ɗaci, jin cewa baƙon ɗan Afirka ne kaɗai yana sa a ce babu ɗaki. Saboda haka ka buga waya tun kafin ka biya, ka faɗi ƙasarka da yawanku, ka nemi a tabbatar maka a rubuce. Ku tafi da fasfo da biza da takardar izinin zama ta ku uku, a cikin leda mai rufewa, tare da hotunansu a waya. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin wuta da sabis suna ɗaukewa. Lambar gaggawa ita ce 112, ta motar asibiti kuma 108, kuma ka bar wa wani amintacce a Bangalor sunan masaukinku da ranar dawowarku.

Kayan da za ku ɗauka ba su da yawa: rigar ruwa ga kowa domin laima ba ta tsayawa a iskar tudu, takalmi mai kama ƙasa, rigar sanyi ga yarinya, kayan sawa fiye da adadin kwanaki tunda wanki ba zai bushe ba, tocila, maganin sauro saboda zazzaɓin dengue, garin gishiri da sukari na gudawa, da maganin zazzaɓi da na jirin mota da likita ya rubuta wa yarinya gwargwadon nauyinta. Ka gaya wa mai ɗakinka maganar matsattsaku tun a gida, domin suna nan birjik a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa kuma ganinsu ba shiri yana razana mutum. Cizonsu ba dafi gare shi ba, doguwar safa tana tare su, ɗan gishiri kuma yana sa su saki. Idan wani a cikinku ya yi zazzaɓi bayan kun dawo, ku je asibiti ku faɗa wa likita inda kuka je.

Game da abokanka, kunyar da kake ji ta fi abin girma. Mutanen Indiya sun san nauyin iyali kamar yadda muka san shi, kuma idan ka ce musu tsarin ya yi wa ƙaramar yarinya tsauri a tsakiyar Yuli, ba wanda zai ga baƙinka. Ka faɗa musu da wuri domin su samu wanda zai maye gurbinka a mota, ka nemi a mayar maka da abin da zai yiwu na kuɗin masauki, wanda bai dawo ba kuma ka yafe shi. Ban ba ka shawarar ka bi su kai kaɗai ba, domin barin mace da yarinya kwana huɗu a garin da ba su da kowa, kai kuma kana inda waya ba ta shiga, zai ƙara zurfafa saɓanin da kuke ciki. Cikin abokan naka akwai wanda zai iya taimaka maka ya yi magana da masu masauki da Kannada, harshen jihar, ko ya haɗa ka da direban da danginsa suka sani, kuma idan sun dawo daga tasu tafiyar za su ba ka labarin halin hanya da ɗuminsa.

Kwana ukun nan da kuka yi ba ku magana, kai ne za ka kawo ƙarshensu, tunda kai ka biya kuɗin tafiya kafin ka shawarce ta. Ka same ta a daren yau bayan yarinya ta yi barci, ka ce mata ka bincika ka gano gaskiyarta a kan maganar ruwa, ka kuma gaya mata dalilin da ya sa ka so tafiyar tun farko, domin mai yiwuwa ba ta san saboda ita ka shirya ba. Ka buɗe taswira a gabanta, ka nuna mata Sagara da Jog, ka ba ta zaɓi tsakanin Sringeri da Chikmagalur, ku tsayar da rana a watan Satumba, sannan ka ɗora mata aikin duba launin gargaɗi kowace safiya, da sharaɗin cewa idan ta ce yau ba fita, ba fita. Kafin ranar ta zo, ka fara kai su lambun Lalbagh a nan cikin Bangalor wata Asabar da hantsi, domin wata biyar a ɗaki ya yi yawa a ce sai an jira Satumba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.